Mai Waƙa a Kunne

Yana zaune kan buhun gero a tashar Tanout, yana jiran motar Damagaram. Ban san sunansa ba. Wandon nan nasa mai faɗin ƙafa dai ba ɗinkin ƙasarmu ta Damargu ba ne, kuma ƴan kamasho sun ce daga Ikko, can Kurmi, ya dawo. A ƙugunsa akwai wani ɗan akwatin kaset da bai wuce tafin hannu ba, siririyar waya ta tashi daga jikinsa zuwa kunnuwan saurayin. Kansa na kaɗawa, mu ba ma jin komai.

Abin da ke ci mini rai ke nan. Ni rediyona, in na kunna, har kurman unguwa sai ya zo ya zauna. Shi ko waƙarsa tasa ce shi kaɗai. Ina jin haka ake yi a Ikko: ka toshe kunne ka ratsa jama'a, ba mai tambayarka ɗan gidan wa.

Wani tsohon makiyayi ya yi masa sallama, shiru. Ya sake, shiru. Sai ya dafa kafaɗarsa.

"Ɗana, a birni ba a amsa sallama ne?"

Saurayin ya zabura ya durƙusa. "Gafara, Baba, ban ji ba." Ya cire wayar daga kunnensa, ya lallaɓa ya cusa wa tsohon ita ƙarƙashin rawani.

Tsohon ya zaro ido. "Kai! Makaɗan a cikin kaina suke!"

Ni kuwa tun hantsi nake gefensa ina harara, girman kai ya hana ni ko sallama, balle in ce ya ba ni in ji. Ga motar Damagaram nan ta iso.