Jar Waya Mai Ƙulli Uku

Mijina bakanike ne, kuma shekara huɗu ya yi yana haɗa mota ɗaya a tsakar gidanmu a Lokuwa, lokacin muna jihar Gongola. Gangar jikin ta tsohuwar Fijo ce, ya yanke rufin, ya ɗora mata injin da ya fi ƙarfinta. Burinsa ya kai ni ƙauyenmu a duwatsun Michika ranar Kirsimeti, dangina da suka ce na auri mai baƙin hannu su fito kallo.

Da aka zo wayarin, wato haɗa wayoyin wutar motar, aiki ya riƙe shi a gareji, sai ya aike ni kasuwa. Ya ce in sayo waya mai kauri ta batir, da fis, da ƙananan wayoyi kala shida. Ni tela ce, a wurina kala ado ce kawai. Na ga wata jar waya da aka shigo da ita daga Kamaru tana sheƙi, na sayo naɗi guda, na dawo ina jiran yabo.

Ya dube ta, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Uwargida, kowace kala da aikinta fa. Ta fitila daban, ta hon daban."

Na ji kunya, kunyar ta koma fushi. Na ce in ba ya so ya mayar da kansa.

"A'a, zaɓinki ne, da ita zan yi. Hanyar tana kaina."

Sai ya riƙa ƙulla bakin kowace waya don ya gane ta. Ban kula da lissafin ƙullin ba, sai guda ɗaya da ya nuna mini: "Mai ƙulli uku ta hon ce. Da ita zan riƙa kiranki, tunda ba kya fitowa da wuri."

Da damina zazzaɓi ya kama shi. Kwana biyar ya yi, ya rasu. Ya bar wayoyin suna reto ƙarƙashin sitiyari, dukkansu jajaye.

Bayan shekara na kira wani dattijo mai wayarin, abokin aikinsa, don na yi rantsuwa motar nan sai ta je Michika. Ya leƙa, ya daɗe, ya ɗago.

"Mama, wannan aiki mai shi ne kawai ya san hanya. Sai dai mu cire duka, mu sa sabo."

Wato in motar za ta tashi, sai an tumɓuke duk abin da yatsunsa suka ƙulla. Kuma ni na jawo, da son ja da taurin kaina. Wannan ya fi komai ci mini rai, har yau.

Na ce ya ɗaura batir tukuna. Na durƙusa na laluba har na sami mai ƙulli uku, na ce ya ba ta wuta. Hon ɗin ya yi ƙara, kaji suka watse. Ban san lokacin da na ce "Ina zuwa" ba.

Dattijon ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "A cire, Mama?"

Na ce ya kwance batir ɗinsa ya tafi. Kirsimetin nan a motar haya na je gida.