Karan da Sanda Ya Hana a Yanke

A Garin Maje, ƙauyen da ke arewa da Gidan Sori, in kaka ta wuce ba sai ka tambayi gonar Sanda ba. Duk gonar da ka duba an share ta tas, an ɗaure kara an jibge bisa itatuwa da rufin ɗakuna, ana jiran bazara ya yi tsada. Tasa ce kaɗai karanta ke tsaye, harawar wake zube a ƙasa, kai ka ce mai gonar ya rasu magada sun kasa shiryawa. Alhali Sanda na nan da ransa, ya ba saba'in baya, gajere, mai saurin fushi da saurin hucewa, ga bakin tsiya. Ya ce duk wanda ya sa lauje a karan nan, da shi yake yi.

Saboda Jaye ne, wani Bafulatani mai jajayen shanu. Shekara talatin da huɗu, da zarar perefe, shugaban yankin, ya ba da sanarwar sakin gonaki ga dabbobi, Jaye zai gangaro daga arewa ya kafa rugarsa a tsakiyar gonar Sanda. Shanu su ci kara, su bar taki. Duk mako ya matsar da makwancinsu daga wannan kusurwa zuwa waccan, don kada wani gefen ya fi wani ƙoshi. Sanda ya fito da dammunan gero daga rumbu, matarsa Habi ta samu nono da mai har ta rarraba wa maƙwabta. Ba su taɓa yin ciniki ba. Jaye na ce masa Kaɗo, shi yana ce masa ɗan daji, su yini ƙarƙashin gawo suna musu a kan wanda ya fi wani wahala, manomi ko makiyayi. Bayan wata biyu Jaye ya naɗe kayansa ya yi kudu, ba doguwar sallama, tunda kowa ya san baɗi.

Sai ga wata baɗi ta zo babu Jaye. Ta biyu ma haka. Karan ya tsaya har gara ta cinye shi, awakin gari suka yi bikinsu da harawar. Sanda ya rame a tsaye. Kewar mutumin nan ta dame shi fiye da yadda zai iya faɗa, shi ya sa ya mai da ita faɗa da kowa.

A shekara ta uku babban ɗansa Garba ya same shi da magana.

"Baba, kowa ya ɗebe nashi. Mu ma muna da bisashe, ga bazara tahe. Mutumin ga in shina da rai da ya aiko."

"In yaz zo ya iske hili ƙwal, mi zan ce mishi?" in ji Sanda.

"To kira shi mana. Ina nimeronshi?"

Sanda kuwa ba shi da lambar wayarsa. Habi da ke tankaɗe a gefe ta ƙara masa gishiri. Ta ce ya faɗa wa yaro sunan uban Jaye, ko sunan garinsu. Wannan ma babu. Abin kunya ne, amma gaskiya ce: Sanda ya san shanun Jaye ɗaya bayan ɗaya, ya san wadda ke harbi da wadda ke satar hanya, amma bai taɓa tambayar abokinsa inda yake kwana sauran wata goma na shekara ba. Me zai sa ya tambaya? Mutumin da ke zuwa da kaka kamar sanyi, wa ke neman adireshinsa?

Ranar kasuwar Gidan Rumji Sanda ya hau bayan babur, ya sauka wajen ƴan shanu. Ya ce Jaye yake nema, aka ce wane Jayen, akwai su da yawa. Sai ya durƙusa ya zana kunnen saniya a ƙasa da yatsa, ya yi masa tsaga biyu a gefe da ɗan yanka a tsini, shaidar garken Jaye. Wani tsohon dillali ya daɗe yana kallon zanen, sannan ya ce ya san mai wannan shaida. Masu bindiga sun kore garken kaf a dajin bakin iyaka, shekara uku ke nan. Mai shi ya tsira da ransa, yana Cadawa yanzu, yana gadin wani magazen, wato ɗakin ajiyar hatsi.

Washegari Sanda ya shiga mota, ta Maradi, har Cadawa. Ya same shi zaune kan benci a ƙofar magazen, ya tsufa fiye da shekara ukun, sandarsa jingine da bango. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, kowa na kallon ƙasa. Sanda ya yi niyyar jaje, har ya shirya kalmomin a mota, amma da ya buɗe baki faɗa ne ya fito.

"Kai ɗan daji, shekara ukku ina barin maka kara. Ƙahwa anka sace maka ko shanu?"

"Kaɗo," in ji Jaye a hankali, "in zo da mi? Mai shanu ne ka sani. Ni yanzu ko akuya babu. In zo in zauna gonarka, in ci geronka, in bar maka mi?"

"Kana tsammani kashin shanu nike jira?"

Jaye ya kau da kai. Kunya irin ta Fulani ce, wadda ba ta jin lallashi. Sanda ya gane in ya tsaya roƙo zai koma gida hannu biyu. Sai ya tuna da wata al'ada tasu da Jaye ya sha yi masa fahari da ita, habbanaye: mutum ya ba abokinsa saniya ta zauna a hannunsa har ta haihu uku, abokin ya riƙe ƴaƴan, ya mayar da uwar.

"Ina da karsana guda," ya ce. "Na ba ka ita habbanaye."

Jaye ya ɗago kai. Har ya ɗan yi murmushi, wai tun da yake bai taɓa jin Kaɗo ya ba Bafulatani saniya ba.

"Yau ka ji. Kuma ba ni aiko ta. Mai so shi zo shi ɗauka."

Ya tashi ya kakkaɓe rigarsa ya tafi, bai jira amsa ba, don yana tsoron amsar.

Aka saki gonaki. Sanda ya koma zaman gindin gawo, kullum daga hantsi har la'asar. Garba ya daina magana, Habi ta daina tsokana, wanda hakan ya fi tsokanar ciwo. Ranar kwana na goma sha ɗaya, da azahar, sai ga dogon mutum ya ɓullo ta hanyar mota, sanda a kafaɗa, hannuwa rataye a kanta, babu ƙura a bayansa.

Habi ta dama fura da nonon da ta saya. Sanda da kansa ya kwance karsanar ya miƙa igiyar. Jaye ya buɗe bakinta ya duba haƙora, ya shafa doronta, ya ce an ɓata ta da dusa kamar ɗiyar sarki. Suka kai ta gona suka sake ta. Gonar da shanu sittin ke cinyewa a wata biyu, ga ƴar karsana guda a cikinta, kara ya ma rufe ta ba a ganin ko ƙahonta. Suka zauna. Sanda ya ja musun nan nasu, Jaye ya biye masa kaɗan, dariya ta ɗan zo ta koma.

Da rana ta yi ja, Jaye ya miƙe kamar yadda ya saba miƙewa a wannan wuri shekara talatin da huɗu. Ya sa hannu a gefen baki ya yi kira.

"Woɗe! Rane! Ɓale!"

Sunayen shanunsa ne, waɗanda aka kore. Sai da ya kira kusan goma kafin ya tuna. Ya tsaya da hannun a baki, ya kasa saukewa. Sanda kuwa, wanda ya san komai tun a Gidan Rumji, ya tarar da kansa a tsaye shi ma, yana leƙen cikin kara, yana jiran ya ga wadda za ta fara fitowa.