Matar da Na Hana Shiga Gabana

Lokacin da aka kwaso ma'aikatarmu daga Legas zuwa Abuja, iyalina na can, ni ina nan. Duk Juma'a sai in ruga filin jirgi, mu yi layi a gaban kantar sayar da tikiti, don kujerun jirgin yamma ba sa isar mu.

Layin yana da ladabinsa. Mai uzuri ya yi sallama, ya faɗi larurarsa, na gaba ya waiga ya tambayi na baya, in an yarda ya wuce. Ni kuwa an sha cin amanata. Sau uku ina ba masu manyan riguna hanya don wai mahaifiyarsu na asibiti, in shiga jirgi in tarar suna ƙyaƙyata dariya. Na rantse na daina. Ina da zuciya, ban ɓoye ba.

Ran nan saura mutum biyu a gabana sai ga wata dattijuwa, Bagwariya daga Kuje, da ƙullin kaya a kafaɗa, tana haki.

"Ɗana, ka taimake ni. Yarinya na yana asibiti a Legas, haihuwa ya zo da gardama."

Na baya duk suka ce a bar ta. Ni kaɗai na ƙeƙashe.

"Mama, kowa a nan nasa na asibiti. Koma baya!"

Ta koma. Da na isa kantar aka miƙo mini takardar shiga jirgi, aka ce daga tawa kujeru sun ƙare. Na ji sarai, na kuma san ta wa na karɓa. Wallahi ba abin da zai kai ni Legas ran nan sai kewar tuwon gida.

Ina shirin wucewa ta riƙo hannun rigata. Na ɗauka zagi zan sha. Ashe ƙullin take miƙo mini, da sunan asibitin a 'yar takarda.

"Tunda kai za ka riga ni, kai mata. Ka ce Mama yana zuwa a mota."

Na karɓa, kunya kamar ƙasa ta tsage. Amma ko a nan ban ce mata ga kujerar ba. Wannan ne ke cina har yau.

Daga filin jirgi asibitin na zarce. Mijin yarinyar, wani soja, ya shigar da ni. Tana kwance, ta galabaita, idonta a kan ƙofa. Na faɗi saƙon. Ta ce, "A mota? Ba ta samu jirgi ba?"

Na ce, "Ya cika."

Washegari da hantsi na koma dubiya. Na tarar da sojan zaune a baranda, ƙullin a cinyarsa, ya kwance shi: zannuwan goyo ne da garin kunu. Jaririn ya rayu. Uwar ta cika da asuba, tsohuwa kuwa har lokacin ba ta iso ba.

Ya tashi ya kama hannuna da hannu biyu, yana ta yi mini godiya.