Injin Niƙa a Gangarar Gwammaja

Har yau ban manta da ranar da muka ɗauko injin niƙa daga Gwammaja za mu kai Madabo ba. Da damina ne, shekarar da na shiga ajin yaƙi da jahilci. Na rubuta wannan ne saboda ku da kuka shigo aikin amalanke a bayanmu.

Ga wanda bai san aikin ba, mu huɗu ne a kan amalanke. Ɗaya yana gaba tsakanin hannayenta, shi ke juya ta. Biyu suna turi. Na huɗu yana riƙe da waigi, wato guntun icen da ake cusa wa ƙafarta don ta tsaya. In an zo gangara, masu turi sukan koma riƙon igiya ta baya, a sauka a hankali. Ran nan Tanko ne a gaba, ni da Ɗanjuma a turi, shugabanmu Malam Sule da waigi.

Daf da wata gangara, ƙafar amalanken ɗaya ta faɗa rami ta kafe. Muka tura, ko motsi. Alhajin da ke da injin ya dubi sama.

"Malam Sule, hadari fa ya haɗo. Ko a nan za mu kwana?"

"Alhaji, haƙuri. Ƙarfe ne, ba buhun gero ba."

Kun san mutanen birni, ba sa ganin mutum cikin wahala su wuce. Mazauna dakali suka taso. Wani mahauci ya ajiye farantinsa yana cewa, "Ku matsa, ragwaye, ku ga turin masu cin nama!" Malam Sule ma ya jingine waigi ya sa kafaɗa. Igiya tana yashe a ƙasa, ba wanda ya tuna da ita.

Aka yi bismilla aka tura gaba ɗaya. Amalanke ta fita daga ramin, ba ta kuma tsaya ba. Kowa ya ɗauke hannu, amma ita sai ƙara gudu take yi. A ƙarshen gangarar kuwa kududdufi ne cike maƙil, ga Tanko tsakanin hannaye, ba hanyar fita. In ya faɗi ta bi ta kansa, in ya ci gaba ta kai shi ruwa.

Ni da Ɗanjuma muka cafki igiya. Ta ja mu rub da ciki, tafin hannuna ya saluɓe. Tanko ya kafa dunduniya zai tare ta, ƙafafunsa suna zamewa, yana salati.

Malam Sule ya bi shi a guje yana ihu: "Tanko, kar ka tare ta! Karkata hagu, bi da ita cikin taɓo!"

Tanko ya danna hannun amalanken na hagu da dukan jikinsa. Ƙafafunta suka shiga taɓon gefen hanya suna nutsewa, gudun ya yi ta raguwa, har ta tsaya ana iya jefa tsakuwa daga nan cikin ruwa. Kafaɗar Tanko ta goce, muka kai shi gidan maɗori. Ya warke, amma bai sake tsayawa a gaban amalanke ba.

Abin da na koya shi ne, kaya mai nauyi da ya ƙi tashi, in ya tashi haka zai ƙi tsayawa. Masu tura maka kuwa ba sa wuya a garin nan. Tun daga ranar, ko mutum goma suka taso taimako, nakan gode musu, amma ba na barin kowa ya sa kafaɗa sai na ga igiya a hannun wani.