Yakura, Mai Auna Kufai

Allah ya ba mu ita, kuma ya karɓi abinsa. Ranar Talata 9 ga Satumba 2025, cikin watan Mauludi, Yakura Zakariya'u ta rasu a asibitin Damagaram bayan gajeriyar jinya. Aka kai ta Waca, garin mahaifinta, aka yi mata sutura bayan la'asar. Ni Abdulwahabu, tsohon mushen tarihi, wato malamin makaranta, na koyar da ita a kwalejin Dungas. A zatona ita za ta rubuta tawa ta'aziyyar, sai ga ni ina rubuta tata.

Yakura, kina ƙaramar ɗaliba kika kawo mini wani baƙin dunƙule mai nauyi da kika tsinta a gonar babanki. Na ce miki kashin tama ne, ragowar wurin da mutanen dā suka narka ƙarfe. Kika ce, "Su waye, Mushe?" Na ce ba wanda ya rubuta. Wannan amsa ce ta kai ki iniversite a Yamai, inda kika karanta ilimin kayan tarihin da ƙasa ta binne, kika haɗa da zanen taswira a ordinater, na'ura mai ƙwaƙwalwa.

Kika dawo gida ƙarƙashin wani furoje, wato shirin masu ba da tallafi, na adana kayan tarihi. Daga Guci zuwa Yekuwa babu kufan da ba ki taka ba, mafi yawa a kan amalanke. Ki tsaya da 'yar na'urarki ta GPS ki ɗauki adireshin wurin daga tauraron ɗan'adam, ki tashi ɗan jirginki marar matuƙi ya ɗauko hoton tudun daga sama, sannan ki zauna gaban tsofaffi ki naɗi muryarsu. Kowane ɗigo a taswirarki yana da hoto, yana da suna, yana da muryar wanda ya ba da labarinsa. Kowane ƙauye kuma sai kin buga masa tasa taswirar, sunayen da ajami, kin kai wa maigari da hannunki. Wadda za a sa a intanet kuwa kika gusar da ɗigoginta daga ainihin wurarensu, don kada masu tonon tukwane su bi su.

Zan faɗi waɗanda kika yi aiki a tsakiyarsu, domin na ga sun fara wanke fuska da sunanki.

Na farko manyan furojen nan. Ban taɓa ganin takalminsu da ƙasar kufai ba. Aikinsu atiliye, wato taron bita a otel, da babban ƙyalle mai tambari, da hoto a tsaye. Su haska taswirarki a bango, direkta ya nuna da ɗan sandansa yana cewa "abin da muka gano," ke kina can baya kina gyara waya. Da furoje ya ƙare suka tattara motocinsu suka tafi, shafin intanet ya mutu cikin shekarar, don babu wanda ya tuna a ci gaba da riƙe shi. Da ba ki ajiye kwafin komai da kanki ba, kika kai ɗaya iniversite, kika bar ɗaya a ofishin magajin gari, da muryoyin tsofaffin da suka riga suka mutu sun bi shi. Na ga saƙon ta'aziyyar da direktan ya watsa a waya. Ya yabi "abokin aikinmu Yakubu." Ko mace ce ko namiji, bai tsaya dubawa ba.

Na biyu Alhaji Halilu ɗan kwangila. Da aka ba shi gyaran wata hanya, ya ga tudun da mutanen wani ƙauye kusa da Yekuwa suke kira Tudun Maƙera, ya ga marmara a kusa, ba sai kamyo, motar dakon ƙasa, ya yi nisa ba. Ya sa katafila. Tukwane suka fashe, ƙasusuwan mutane suka fito, ya ce a loda duka a zuba wa hanya. Da kika je kika tsaya gaban motar, ya leƙo ta gilashi ya ce, "Madam, in zinariya kike nema a nan, faɗa mini mu raba. In kuwa kasko ne, zan aiko miki sabo daga kasuwar Guci." Yaransa suka yi dariya, don shi ke ciyar da su.

Ba ki yi masa gardama ba. Kika nemi a zauna a ofishin magajin gari. A can Alhaji ya rantse cewa shi tsohon rami ya tarar, tudu kuwa bai taɓa gani ba. Kika haska hoton tauraron ɗan'adam na shekarar da ta wuce, ga tudu cif da itatuwansa. Kika haska na watan, ga haƙar katafila. Sannan kika kunna muryar marigayiya Dada Gimbiya, tsohuwar ƙauyen, tana lissafa kakanninta da ke kwance a wurin. Maigari ya sunkuyar da kai, don sunan kakansa na ciki. Ranar aka tsayar da aikin. Rabin tudun ya riga ya zama hanya, rabin ya tsira.

Mutum mai kunya da ya yi shiru. Alhaji kuwa ya bi majalisa majalisa yana cewa jirginki na leƙen asiri ne, Turawa kike sayar wa sirrin ƙasa, alhali takardar izininki na jakarki. Zancen ya yi yawa har kika ajiye jirgin don kwanciyar hankalin mijinki. Na same ki bayan nan a wani kufai, kin ɗaure wayarki a kan doguwar gora kina ɗaukar hoto daga sama. Raina ya ɓaci. Kika yi dariya kika ce, "Mushe, wannan dai ba za a ce ta tashi ba."

Ranar sadakar uku Alhaji ya iso Waca da babbar riga, turare ya riga shi shiga zaure. Ya ɗaga hannu ya fi kowa daɗewa a addu'a, ya ce wa jama'a, "Mun yi rashin 'yarmu. Ni ta sha zuwa wurina neman shawara." Ilyasu, mijinki, ya dubi tabarma. Maigarin ƙauyen nan, wanda ya yi tafiyar amalanke don ya yi gaisuwar rasuwarki, ya tashi ya koma can ƙarshen rumfa. A wurin ne ya faɗa mini an ga yaran Alhaji suna zagaya ragowar tudun tun kina kwance a asibiti. Ya ce taswirar da kika ba shi tana ɗakinsa, kuma duk ranar da ya ji ƙarar katafila, da ita zai hau amalanke zuwa wurin magajin gari.

Da Alhaji zai tafi ya riƙe hannuna ya ce, "Mushe, na ji za ka yi rubutu. Kada ka manta da sunana cikin waɗanda suka yi hulɗa da ita." Na ce ba zan manta ba, Alhaji. Ga shi na cika alkawari.

Ya Allah, Yakura ta tsare kaburburan mutanen da ba ta taɓa gani ba. Ka tsare nata, ka yalwata shi, ka haskaka shi. Ka yafe mata kurakuranta, ka karɓi wahalarta, ka sa Aljanna ce makomarta. Ina miƙa gaisuwata ga mahaifiyarta Hajiya Hinda, da mijinta Malam Ilyasu, da 'yarta Na'ima, da dukan mutanen Waca. Allah ya ba ku haƙuri, ya raya abin da ta bari. Mu da muka rage, Allah ya kyautata namu zuwan, ya sa masu gaskiya ne za su tsaya a kanmu.