Ɗanwake Mai Wutsiya a Gidanmu na Madarumfa

Mun tashi da asuba daga Maraɗi, ni da jikokina uku, ko kaji ba su sauko ba. Ubansu ya rako mu tasha. Ɗana ne na fari, ba na faɗin sunanshi, amma yana tafe yana kafa mini sharaɗi kamar ba ni na yaye shi ba. Wai yaran nan in ba burodi da taliya ba, ba abin da ke wuce maƙogwaronsu. In suka kwana da yunwa in maido mishi su, kuma zancen zuwa ƙauye da su ya mutu ke nan. Na ce to. A zuci na ce, yaro, kai ma da gero ka yi wannan wuyan.

Motar Madarumfa dala ɗari da hamsin ce kowane kai, autan a cinyata kyauta. Direba ya cusa mu da buhunan gishiri da wani tsoho mai zabi biyu a hammata. Gudaron, wato kwaltar, lafiya lau har bayan Jiratawa, daga nan ramuka suka fara gaishe mu ɗaya bayan ɗaya. Gero ya yi kai dama da hagu, ya fi motar tsawo, mata sun duƙa cikin wake suna roro. Babbar jikata 'yar lakwal ce, makarantar boko, Faransanci a bakinta kamar rediyo, amma ta nuna dawa ta ce, "Kaka, rake ne wancan?" Tsohon nan ya yi dariya har hula ta faɗi. Ita ce ke rubuta mini wannan labari a waya, ta so ta tsallake wurin, na ce ta rubuta.

Da hantsi muka sauka. Tabkin garin ya cika ya batse, masunta na fitowa da karfasa tana ta ƙyalli, arha kamar ba a so. Amalanken jaki ya ƙarasa da mu gidan da aka haife ni, inda ƙanwata take zaune yanzu. Aka shimfiɗa wa baƙi tabarma, aka kawo hura mai sanyi a ƙwarya. Suka sunsuna suka ture. Da maraice tuwon gero da miyar kuka, shi ma suka zuba mishi ido. Biskit ɗin da uwarsu ta ɓoye musu a jaka suka raba, suka kwanta ciki na kuka.

Ƙanwata tun muna yara bakinta ba ya da murfi. Ta ce, "Yaya, waɗanga jikoki naki da iska ake kiwonsu? Ko in aika garin Ɗan Issa a sawo musu burodi?"

Gari na wayewa waya ta yi ƙara, ubansu ne. "Inna, sun ci?" Na ce tukunya na bisa wuta. Ya ce zai sake kira da azahar, in shiru ne zai zo da kanshi.

Na zauna ina kallon duwatsun murhun nan uku, su ne dai na tsohuwarmu, Allah ya jiƙanta. Sai na tuna ita ba ta taɓa kiranmu cin ɗanwake ba, aiki take kiranmu. Mu shida mu kewaye tukunya, ta ce kowa ya jefa nashi, hannun da ya jefa ba ya ƙin ɗauka. Ashe laifin nawa ne, na mai da jikokina baƙi a gidan kakanninsu.

Na naɗe tabarmar na jingine ta. Babbar na miƙa mata taɓarya ta surfa wake, bugu uku ta ce kafaɗarta, na ce kafaɗar ma ta zo ganin gida. Na tsakiya ya ɗauki kwano a ka muka je injin niƙa, ya dawo fari fat har gira. Autan na ba shi kanwa ya jiƙa, ya tsare ta kamar jandarma. Ƙanwata ta leƙo ta ce, "Maza a madafa, Yaya?" Na ce ubansu ma a nan ya ƙone yatsa, bai hana shi gemu ba.

Muka haɗa garin wake da na rogo da kuka, na nuna musu yadda ake zuba ruwan kanwa kaɗan-kaɗan, don in ta yi yawa ɗaci, in ta gaza tauri. Ruwa ya tafasa. Na ce a jiƙa hannu, a tsakuro, a saki kusa da ruwa kada ya fallatso. Na babbar ƙanana ne masu kyau. Na tsakiya nashi kamar ƙwan agwagwa. Autan kuwa ba ya sakin ƙullun da sauri, sai ya ja hannu, kowane ya fita da 'yar wutsiya. Da ya ga sun nutse ya ɓare baki, wai nashi sun mutu. Na ce, "Mai gidana, tsaya ka gani." Can sai ga su suna tasowa, mai wutsiya a gaba. Yaron nan ya yi tsalle har kaji suka watse.

Muka tsame a ruwan sanyi, muka juye a akushi, man gyaɗa da yaji da albasa. Ban ce wa kowa bismilla ba. Kowa ya shiga farautar nashi, da nashi ya ƙare ya faɗa na ɗan'uwa. Ƙanwata ta zo da hannu a wanke ta tarar da akushi kamar an wanke shi. Ta ce, "Ni fa?" Na ce ta jefa nata.

Da wayar azahar ta shigo sai na kara wa autan a kunne, baki cike. Kwana shida muka yi. Kafin mu taso sun daka gumba, sun dama hurar nan da suka ture.

Mun dawo Maraɗi da ƙullin garin wake. Washegari yaran suka kori uwarsu daga madafa, suka yi ɗanwake bisa gaz, ina daga gefe ina kallo kawai. Ubansu ya sa hannu ya ɗago wani mai wutsiya, yana juya shi. Ya ce, "Wa ya jefa wannan?" Autan ya daki ƙirji. Shekara arba'in baya tsohuwarmu ta riƙa tsokanar wannan uban da Mai Wutsiya, don shi ma haka nashi ke fita, kuma ba wanda ya taɓa faɗa wa yaron. Ya ci ya suɗe hannu, bai dube ni ba ya ce, "Inna, hutun wakansi mai zuwa har da ni."

Abin da na ɗauko daga wannan tafiya, ku masu jikoki a birni, ku daina bin yaro da kwano kuna lallashi. Ku ba shi ƙullu a hannu, ku matsa mishi wuri a bakin murhu.