Inshorar Kyanwar Salamatou

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sauka Xiaobei, unguwar 'yan Afirka a Guangzhou, daga Maraɗi ko Yamai ya san tuwon Salamatou. A hawa na tara take dafa shi, cikin ɗakin da in mutum uku suka zauna sai na huɗu ya ci a tsaye. Mutuniyar Maraɗi ce. Ta biyo mijinta Guangzhou sarin atamfa, Allah ya yi masa rasuwa, ita kuwa ta ƙi komawa, ta ɗora tukunya.

Ba ta da ɗa, sai wata kyanwa mai ruwan toka da ta tsinta bayan shagon kifi. Ta sa mata suna Lauban, wato uban gida a bakin 'yan China, don kowa na aiki ita tana miƙe ƙafa kan buhun shinkafa. Masu cin tuwo suna yi mata dariya, amma in an watse, Lauban ce kaɗai mai sauraren Hausar Maraɗi har ta ƙare. Salamatou tana ƙaunarta ƙwarai, ba ta kuma ɓoyewa.

Shekarar wasannin Olamfik na China aka tsananta biza. Salamatou ta ga dole ta koma Yamai ta sabunta takardunta, ba ta san ranar dawowa ba. Ga shi Lauban ta taɓa haɗiyar ƙaya ta kusa mutuwa, yanzu kuma ciki gare ta. Wa zai kai ta wurin likita?

Ta tare Abdulmumini, Bakanon da ke aika wa mutane kaya ta jirgin ruwa.

"Ɗana, kai da ka iya yi wa kwantena asuransi, ka yi wa mussata."

"Hajiya, inshorar kyanwa? Kwantena ba ta haihuwa fa."

"Shi ya sa ta fi kwantena," in ji ta.

Ya raka ta unguwar Tianhe, suka bi ofisoshi masu sanyin kwandishan. Ko'ina amsa ɗaya: "Meyo." Babu. A wani asibitin dabbobi ne aka ba su zaɓi biyu: katin rigakafi kawai, ko na shekara wanda ya haɗa da duba lafiya da magani. Ta ɗauki na shekara ba ta ko taya ba, abin da Abdulmumini ya ce bai taɓa ganin 'yar Maraɗi ta yi ba. Sai dai a jirgin ƙasa tana dawowa ta hango matsala. Kati ba shi da ƙafa, ba zai ɗauki kyanwa ya kai asibiti ba.

Nan ta tuna habbanaye, al'adar makiyayan ƙasarsu: ka ba mutum aron akuyarka ya kiwata, 'ya'yan da ta haifa nasa ne, uwar kuma ya maido maka. Maƙwabciyarta wata tsohuwa ce 'yar China mai sayar da lemo, kowa Ayi yake ce mata, wato inna. Shekaru suna gaisawa da murmushi da kwanon miya, ba mai jin yaren wata. Salamatou ta nuna cikin kyanwar ta nuna Ayi, ta nuna kan kyanwar ta nuna ƙirjinta, ta miƙa mata kyanwar da katin. Ayi ta gyaɗa kai. Ko ta gane, ko kunya ce, Allah masani. Salamatou ta yi kuka a hanyar filin jirgi.

Sai bayan an gama wasanni an sauke tutoci ta dawo. Tana jan akwati a baranda, ta ji wata murya daga ɗakin Ayi da Hausa karkatacciya:

"Zo nan, 'yar banza! Zo ki ci!"

Maganar Salamatou ce ta kullum, wadda tsohuwar ta daɗe tana ji ta bango. Ayi ta ɗauka da haka ake kiran kyanwa, ba ta so Lauban ta yi kewa.

Ƙofa ta buɗe. 'Ya'yan kyanwa ƙanana uku suna wasa cikin kwandon lemo, katin na rataye a ƙusa duk tambarin asibiti. Ayi ta ɗauko uwar, ta yi ƙiba har da wuya, ta ɗora ta a hannun Salamatou, ta nuna ƙirjin Salamatou da yatsa.